Muhawara a Zauren Unguwa: Wai Talaka Kaɗai Ake Ɗaurewa?

Mai Yadi: Assalamu alaikum. Ina neman afuwar dattawan wannan zaure, domin yau zan faɗi maganar da ta daɗe tana cin raina, wanda bai ji daɗinta ba kuma sai ya yi haƙuri. A ƙasar nan talaka kaɗai ake ɗaurewa. Ɗan ƙanina, wanda da yawanku kun san shi da sana'ar gyaran waya, ya haura shekara guda a gidan yari ba tare da wani alƙali ya tambaye shi ko ya aikata ko bai aikata ba. Wani ne ya kawo masa waya ya saya, daga baya aka bi diddiginta aka ce ta ƙwace ce, aka haɗa shi da waɗanda ake zargi a takarda ɗaya, aka rubuta musu haɗa baki da fashi da makami. Duk ranar zama mukan isa kotu tun da hantsi, mu zauna a kan benci har azahar, sannan magatakarda ya leƙo ya ce ba a kawo masu jiran shari'a ba saboda babu mai a mota, ko ya ce shawarar ma'aikatar shari'a ba ta iso ba, a dawo wata mai zuwa. Mahaifiyarsa ta sayar da keken ɗinkinta, kuma duk ranar da ta kai masa abinci sai gandiroba ya sa ta ɗanɗana a gabansa kafin a karɓi kwanon. Waɗanda suka kwashe biliyoyin jama'a kuwa suna gidajensu, har ana yi musu kirari a wurin biki. Ban ga wanda ya tausaya mana a zauren nan ba, alhali kowa ya ji labari.

Tsohon Sufeto: Wa alaikumus salam. Alhaji, Allah ya fitar da yaron nan lafiya, ya ba mahaifiyarsa haƙuri. Sai dai ina roƙonka ka janye kalmar nan ta "kaɗai", domin ba gaskiya ba ce, kuma akwai yara a zauren nan da ke ɗaukar maganar manya kamar karatu. Joshua Dariye ya yi gwamnan Filato, Jolly Nyame ya yi gwamnan Taraba, kotu ta yanke wa kowannensu shekara 14 a 2018, kuma sun kwana a Kuje kamar kowane fursuna. Farouk Lawan, wanda ya jagoranci binciken tallafin man fetur a Majalisar Wakilai, an ɗaure shi a 2021 a kan dala 500,000 da ya karɓa daga hannun attajiri Femi Otedola. A shekarar ce kuma aka yanke wa Abdulrashid Maina, tsohon shugaban kwamitin gyaran fansho, shekara takwas a kan kuɗin fansho. Hatta namu ba a ƙyale ba, don Tafa Balogun, Sufeto Janar sukutum, da ankwa a hannu aka kai shi kotu a 2005. Waɗannan su ne talakawan?

Malamar Firamare: Baba Sufeto, da girmanka, ka faɗi shigarsu ka ɓoye fitarsu. Tafa Balogun ɗin da ka ambata wata shida aka yanke masa, wato bai kai rabin abin da yaron Alhaji ya riga ya yi ba tare da hukunci ba. Dariye da Nyame kuwa kotun ɗaukaka ƙara ta fara rage musu, na farko ya koma shekara 10, na biyu 12, sannan a watan Afrilun 2022 aka yi musu afuwa, a watan Agusta suka fito jama'arsu suka tarbe su da murna. Idan mutum ya ci fiye da naira biliyan guda ya yi shekara huɗu ya koma gida, ni a wurina kalmar Alhaji tana nan daram.

Tsohon Sufeto: Malama, shekara huɗu ba ɗauri ba ne? Alhaji cewa ya yi "kaɗai", bai ce "galibi" ba. Da galibi ya ce da ban buɗe baki ba.

Sakataren Mazaɓa: Na lura Malama ta ambaci 2022 da wata manufa, don haka bari in fayyace kafin a shafa wa bawan Allah baƙin fenti yana kabarinsa. A zamanin wa aka ɗaure gwamnonin nan biyu? A zamanin Buhari ne, kuma a lokacin da aka yanke wa Dariye hukunci sanata ne mai ci a jam'iyyar APC, shugaban ƙasa bai ɗaga waya ya ce a sake shi ba. Afuwar kuwa ba shi kaɗai ya zauna a ɗaki ya rubuta ba, ta bi ta Majalisar Magabata ta Ƙasa kamar yadda sashe na 175 na tsarin mulki ya tanada, kuma mutum 159 ne a cikin jerin, ba biyu ba. Wanda yake son ya ga inda aka mayar da shari'a abin wasa sai ya waiwayi shekarun PDP. A 2008 Lucky Igbinedion, tsohon gwamnan Edo, ya yi ciniki da masu gabatar da ƙara, aka ci shi tarar naira miliyan uku da rabi ya tafi gida. A Janairun 2013 John Yakubu Yusuf, jami'i a ofishin fanshon 'yan sanda, ya amsa laifi a kan kuɗin fanshon 'yan sanda da suka haura biliyan 20, aka ba shi zaɓin tarar naira 750,000, ya biya nan take ya shiga motarsa. Bayan wata biyu Jonathan ya yafe wa tsohon maigidansa Alamieyeseigha, tsohon gwamnan Bayelsa. Ina Malama take a lokacin?

Direban Tirela: Sakatare, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ka manta da Orji Kalu, tsohon gwamnan Abia kuma bulaliyar majalisar dattawa a jam'iyyarku a wancan lokaci, wanda aka yanke wa shekara 12 a Disambar 2019 a kan fiye da naira biliyan bakwai, kafin a cika wata shida Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin ya koma kujerarsa? Kuma shi John Yusuf ɗin, ai kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da hukuncinsa shekara shida daga baya, me ya sa ka tsaya a rabin labari kamar yadda Baba Sufeto ya yi? Ku dai kun saba, kowane abin kirki naku ne, kowace ɓarna ta shekara goma sha shidan PDP ce.

Sakataren Mazaɓa: A 2018 aka mayar da shi shekara shida, kuma kowa ya san wanda ke mulki a 2018. Na gode da ka kawo mini hujja da kanka. Batun Kalu kuwa Kotun Ƙoli ce ta yi, ba fadar shugaban ƙasa ba, sai ka je ka tuhumi alƙalai.

Barista: Ina gaida iyayena da yayyena. Ina ganin an bar jaki ana dukan taiki, domin abin da ya sami ɗan Alhaji a idon doka ba ɗauri ba ne, tsarewa ce, kuma a nan ne ainihin rashin daidaiton yake. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a Nijeriya ba a yanke musu hukuncin komai ba, jiran shari'a suke yi. Yadda abin ke faruwa kuwa sananne ne ga duk wanda ke zirga-zirgar kotu. Ɗan sanda mai gabatar da ƙara zai kai mutum kotun majistare da tuhumar fashi da makami ko kisan kai, alhali ya san kotun ba ta da hurumin sauraron irin wannan laifi, sai majistare ya ba da umarnin a ajiye shi har ma'aikatar shari'a ta duba fayil ta ba da shawara ko akwai hujjar gurfanar da shi a babbar kotu. Daga nan fayil ɗin na iya kwana a teburin mai bincike saboda ba a biya kuɗin kwafi ba, ko a yi wa mai binciken canjin wurin aiki, ko takardun su ɓace gaba ɗaya, mutum kuwa yana ciki yana cin gabza babu wanda ya san ranar fitarsa.

Doka ba ta yarda da haka ba. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, sashe na 36 kuma ya ce kowa marar laifi ne har sai an tabbatar. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta ƙayyade umarnin tsarewa na farko da kwana 14, ta hana kama wani a madadin wani, ta yarda mace ta tsaya wa mutum beli, ta kuma ɗora wa majistarori ziyartar ofisoshin 'yan sanda kowane wata. Wannan ta tarayya ce, amma jihohi sun yi irin tasu, Kaduna a 2017, Kano a 2019.

Yanzu ku dubi sunayen da kuke ta jifan juna da su. An gurfanar da Dariye a 2007, aka yanke masa hukunci a 2018, kuma a cikin waɗannan shekaru 11 yana gidansa a kan beli, har ya ci zaɓen sanata sau biyu. Farouk Lawan an fara shari'arsa a 2013, ya yi shekara takwas yana kwana a ɗakinsa kafin hukunci. Kalu ma tun 2007 ake shari'arsa, kuma abin da ya fitar da shi ba wanke shi aka yi ba, lauyoyinsa ne suka nuna cewa alƙalin da ya yanke hukuncin an riga an ɗaga shi zuwa kotun ɗaukaka ƙara. Jinkirin da yake rahama ga mai kuɗi, domin shaidu na mutuwa, gwamnati na sauyawa, shi ne azabar marar galihu. Babba yana jiran shari'a a gidansa, talaka yana jiranta a kurkuku. Alhaji, idan ka yarda ka turo mini lambar ƙarar ta keɓe, akwai hanyar neman beli a babbar kotu, akwai kuma Hukumar Ba da Tallafin Shari'a da aka kafa tun 1976 domin waɗanda ba su da kuɗin lauya.

Tsohon Sufeto: Madalla da Barista, ya tabbatar da maganata. Tunda yaron ba ɗaure shi aka yi ba, tsare shi aka yi, su kuwa gwamnonin ɗaure su aka yi, to ina "kaɗai" ta tsaya? Amma ɗana, ban ji daɗin yadda ka ɗora komai a kan ɗan sanda ba. Ka taɓa tambaya nawa ake ba baturen 'yan sanda na gudanar da ofis a wata? Mu da muka yi aikin mun san mai bincike da kuɗin aljihunsa yake sayen takarda da biro, shi zai biya kuɗin mota ya je ɗauko shaida, wani lokaci shi zai sayi burodin wanda ke bayan kanta. Lauyoyi kuma fa, waɗanda ke neman a ɗage zama sau goma domin kowace fitowa a biya su?

Malamar Firamare: Baba, wannan kuɗin aljihun da kake faɗa daga aljihun wa yake fitowa? A bangon kowane caji ofis an rubuta da manyan baƙaƙe cewa beli kyauta ne, amma ina son mutum ɗaya a zauren nan ya rantse cewa ya taɓa karɓo ɗan'uwansa daga bayan kanta bai ajiye ko sisi ba. Idan aka je kotu kuma sai a ce a kawo mai tsayawa da takardar fili, ko ma'aikacin gwamnati mai babban mataki. Mai gyaran waya ina ya san darakta?

Tsohon Sufeto: Malama, ni na yi aikina na gama ban ci na kowa ba, kuma ba zan zauna yarinyar da aka haifa a gabana tana kiran mu ɓarayi ba. Ku malaman makaranta da kuke karɓar kuɗin jarrabawa da na tsintsiya a makarantar da gwamnati ta ce kyauta ce, wa ya tuhume ku?

Malamar Firamare: Ban kira ka ɓarawo ba, Baba, kowa ya koma sama ya karanta. Idan kuma tsintsiya ce ta dame ka, ba a taɓa kulle yaro shekara guda don bai kawo ta ba.

Na'ibin Liman: Jama'a a ji tsoron Allah, a sassauta harshe. Wannan cuta ba sabuwa ba ce, kuma maganinta yana hannunmu muka ajiye. Lokacin da wata mata daga Banu Makhzum ta yi sata, Ƙuraishawa suka tura Usama ɗan Zaid ya nema mata sassauci, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi fushi, ya bayyana cewa abin da ya halaka mutanen da suka gabata shi ne idan mai daraja ya yi sata sai su ƙyale shi, idan mai rauni ya yi sai su tsayar masa da haddi, ya kuma rantse cewa da Fatima 'yarsa za ta yi sata da ya yanke hannunta. Hadisin yana cikin Bukhari da Muslim. Dokar da Bature ya bar mana ce ta zo da ɗage zama da lauya mai tsada. A shari'ar Musulunci babu wannan jan ƙafa.

Ɗalibin Jami'a: Allah ya gafarta Malam, hadisi gaskiya ne, babu mai jayayya da shi. Tambayata a kan masu aiwatarwa ce. A watan Maris na 2000 aka yanke hannun Buba Bello Jangebe a Zamfara saboda satar saniya, a zamanin Ahmad Sani Yariman Bakura. Daga wannan rana zuwa yau, a jihohi 12 da suka ƙaddamar da shari'a, kwamishina nawa ko shugaban ƙaramar hukuma nawa aka kai gaban alƙalin shari'a a kan dukiyar jama'a aka yanke masa ko da farce? Ashe abin da hadisin ya yi gargaɗi a kansa shi muka aikata da sunan bin hadisin. Sayyidina Umar ma ya dakatar da haddin sata a shekarar yunwa. Saboda haka ko a nan ɗin, kalmar Baba Alhaji ta "kaɗai" ta fi zama daidai fiye da ko'ina.

Na'ibin Liman: Yaro, ka kiyayi harshenka. Irin wannan magana ita ce 'yan boko aƙida ke fakewa da ita su soki addini, su fara da gwamna su ƙare a kan hukuncin Allah. Wa ya koya maka fiƙihun haddi da har za ka kawo mini Sayyidina Umar?

Ɗalibin Jami'a: A makarantar Islamiyyar unguwar nan na koya, Malam, a ajin da kake koyarwa.

Direban Tirela: A bar yaro ya faɗi gaskiya. Shi Yariman ma ai daga ANPP ya fito ya shiga APC, Sakatare bai ce komai a kan wannan ba.

Sakataren Mazaɓa: Ka ga irin taku. Ana maganar addini ka jawo jam'iyya. Kuma tunda an zo nan, ni ina da tambaya ga Alhaji da kowa ke kauce mata: yaron da ke da shago, yake da jarin sayen babbar waya hannu da hannu ba tare da rasit ba, kawunsa kuma yana da rumfa biyu a kasuwa, shi ne talaka? Idan "kaɗai" ta faɗi, "talaka" ma sai a duba ta.

Hajiya Uwar Marayu: Sakatare, wannan magana ba ta dace da kai ba, mutum yana cikin jimami kana ƙirga masa rumfuna. Ni ba na siyasa, abin da na sani shi ne ƙungiyarmu ta mata takan je biyan tara a watan azumi, kuma mun ga mutanen da ke zaune a gidan yari saboda kuɗin da bai kai na buhun shinkafa ba, alƙali ya ba su zaɓin tara amma babu mai biya musu. Gwamnati da kanta ta amsa wannan, domin a Nuwambar 2023 ministan cikin gida Olubunmi Tunji-Ojo ya ƙaddamar da sakin fursunoni 4,068 waɗanda tara ce kawai ta riƙe su, aka tara naira miliyan 585 daga masu hannu da shuni aka biya. Ku raba wannan kuɗi da yawan mutanen ku gani, kowane ɗaya bai kai naira dubu 150 ba. Tarar da John Yusuf ya zaro daga aljihu a rana ɗaya ta isa ta fitar da mutum biyar daga cikinsu. A ƙarshen shekarar ne kuma shugaban hukumar gidajen gyaran hali ya shaida wa sanatoci cewa naira 750 ake ware wa abincin fursuna a yini, karen hukumar kuwa 800. An sauya suna daga gidan yari zuwa gidan gyaran hali tun 2019, ban san halin da ake gyarawa da yunwa ba.

Mai Yadi: Na karanta duka. Tun safe ake ambaton gwamnoni da jam'iyyu, in ban da Barista da Hajiya babu wanda ya tambayi halin da yaron yake ciki, wani ma dukiyata yake lissafawa. Ba zan janye ko harafi ɗaya ba. Talaka kaɗai ake ɗaurewa, manya hutu suke zuwa yi, kuma wanda ya ji haushi ranar da abin ya zo gidansa zai gane.

Tsohon Sufeto: To, kun ji, har da fatan sharri.

Shugaban Zaure: Assalamu alaikum. A matsayina na wanda aka ɗora wa nauyin wannan zaure, zan taƙaita abin da aka cimma domin a rufe. Na farko, an tabbatar da hujjoji ƙwarara daga bakin Yallaɓai Sufeto, mutumin da ya yi wa ƙasa hidima kuma ya san aikin daga ciki, cewa kalmar "kaɗai" kuskure ce, tunda an lissafa manyan mutane biyar da aka ɗaure babu wanda ya musanta, Barista ma ya goyi bayansa da ya ce yaron tsare shi aka yi ba ɗaurewa ba. Na biyu, Sakatare ya nuna cewa mafi yawan waɗannan hukunce-hukunce a zamanin marigayi Buhari aka yi su, afuwar 2022 kuma bisa tsarin mulki take, abin da Direba ya kawo kuwa shari'a ce ta Kotun Ƙoli da ba ta shafi kowace jam'iyya ba. Na uku, matsalar 'yan sanda ta rashin kayan aiki ce, kuma ba daidai ba ne a yi musu kuɗin goro. Bayanin Barista a kan sassan doka ya yi tsawo, mai buƙata ya neme shi ta keɓe, alƙaluman Hajiya kuma za a duba su a wani lokaci. Muna yi wa ɗan Alhaji addu'a, tare da jan hankalin matasanmu masu sana'ar waya su riƙa neman rasit da shaida kafin su sayi kaya a hannun wanda ba su sani ba. Ana buƙatar Malama ta ba Yallaɓai Sufeto haƙuri, ɗalibinmu ya je har gida ya ba Malam haƙuri, Alhaji kuma ya gyara rubutunsa na farko ya sa "galibi". Na rufe sashen tura saƙo zuwa bayan sallar isha'i, kuma duk wanda ya sake tayar da maganar nan idan an buɗe, za a cire shi na mako guda.